Fedar Marigayi Darmaji

A unguwar Sukun da ke birnin Malang, in ka tambayi gidan Pak Kuswanto, wato Malam Kuswanto, ba wanda zai ce maka bai sani ba, sai dai a tambaye ka wane irin keke ka kawo. Gajeren mutum ne, ya haura hamsin, furfura ta cinye gefen kansa, kuma ba a taɓa ganin farcensa babu baƙin mai ba, ko ranar Idi. Gyaran keke ne sana'arsa, amma ba na zuwa kasuwa ba. Shi nasa ƙananan kekunan tseren nan ne masu gajerun tayoyi da faffaɗan kai, waɗanda ake kira BMX, kuma ko a cikinsu sai tsofaffin da suka shekara talatin zuwa sama.

Ubansa mai gyaran keken haya ne mai ƙafa uku a bakin kasuwa. Kuswanto yana da shekara goma sha huɗu lokacin da haukar BMX ta shigo garin, aka tara tudun jar ƙasa a wani fili bayan masana'antar sukari, 'ya'yan masu hali suka riƙa tsalle a kai suna karya haƙora. Shi bai da keke, sifanar ubansa kawai yake da ita. Darmaji kuwa, ɗan mai kantin magani, kawunsa da ke aikin jirgin ruwa ya kawo masa keke ja daga Japan, ƙirar 1982, da feda masu ruwan zinare, amma ko noti bai iya ɗaurewa ba. Haka abota ta ƙullu. Darmaji ya yi tsere, Kuswanto ya ɗaure abin da ya kwance, in an tashi a ba shi ya zaga filin sau biyu.

Daga baya haukar ta wuce. Kekunan suka koma bayan ɗaki, kaji suka riƙa kwana a kansu, wasu aka sayar wa 'yan gwangwan. Sai da yaran nan suka girma, suka yi teɓa da 'ya'ya, sannan kewa ta kama su, kowa ya shiga neman keken ƙuruciyarsa kamar ya ɓatar da ɗa. A nan kasuwar Kuswanto ta buɗe.

Aikinsa a hankali yake yinsa. Ba ya yi wa keke sabon fenti sai dole, domin a wajen masu wannan harka tabon da keke ya samu a filin tsere ya fi ƙyalli daraja. Tsohon buroshin goge baki, kananzir da ruwan lemon tsami, su ne rabin kayan aikinsa. Kowane keke da gwangwaninsa na zuba noti, da sunan mai shi a jiki. In ya canza ko da ƙaramar kusa ce da tsatsa ta cinye, sai ya ƙulle tsohuwar a leda ya miƙa wa mai keken. Saboda haka mutane ke aiko masa da kekuna daga wurare masu nisa irin su Surabaya da Bali, su bar su wata uku a hannunsa ba tare da sun waiwaya ba. Bai tara dukiya ba, bai je Makka ba, amma in an ce amana a ƙungiyar masu tsofaffin kekuna ta garin, sunansa ake fara kira, kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa.

Shi ma yana da nasa keken, shuɗi, ƙirar 1982. Shekara goma sha huɗu ya yi yana haɗa shi. Gangar jikin a tsibin ƙarafa ya tsinto ta, kan keken ya samo a garin Kediri, sirdin kuwa wani mai aski ne ya rataye shi a bango sai da aka yi shekara ana roƙonsa. A falo keken yake kwana, keken ɗinkin matarsa Bu Tumirah, wato Malama Tumirah, kuma a baranda, abin da ta gaji da mita a kai ta bari. Komai ya cika sai feda na asali. Ya nema har ya gaji, waɗanda suka rage a duniya suna hannun mutanen da ba sa sayarwa.

Akwai na kwaikwayo, ana ƙera su yanzu, kuma sa su ba abin kunya ba ne muddin ka faɗa. Abin kunyar shi ne ka ɓoye. Kuma a taron shekara, babban kofi na keken da komai nasa na asali ne, tun daga taya har murfin feda.

Irin wannan keken Darmaji yake da shi. Rayuwa ba ta yi masa yadda ta fara ba. Kantin maganin ya durƙushe a hannunsa, ya ƙare da tuƙa motar 'yan makaranta. Amma jan kekensa yana nan yadda ya sauko daga jirgi, kuma duk safiyar Lahadi da 'yan ƙungiya suka taru shan gahawa sai ya maimaita cewa ya sayar da gida, ya sayar da mota, amma ko noti ɗaya bai taɓa fita daga keken nan ba. An sha jin maganar har an haddace. Ita kaɗai ta rage masa ta tinƙaho, shi ya sa ba mai katse shi. Sau ɗaya Kuswanto ya daure ya tambaye shi fedar.

Darmaji ya yi dariya ya ce, "Sai na mutu, Kus. Ranar ka zo da sifanarka."

Hawan jini ya kayar da shi wata Talata, kafin Juma'a an binne shi. Bayan sadakar arba'in matarsa Bu Sulastri ta ɗoro jan keken a keken haya ta kawo shagon. 'Yan ƙungiya sun ce taron bana da sunan marigayi za a yi shi, ita kuma tana so a goge keken a shigar da shi gasa da sunansa, tun da shi a rayuwarsa bai taɓa yarda ya shigar ba, wai kada a taɓa masa. Ta kira shi da Mas, yadda muke girmama namiji kamar yaya, ta ce, "Mas Kus, kai kaɗai ya yarda ka sa masa hannu." Ta bar shi ta tafi, ko juyowa ba ta yi ba.

Kwana uku Kuswanto yana aiki a kan keken yana kauce wa fedar da ido. A na huɗu ya kwance su don ya wanke, wanda dama aikinsa ne. Da suka bushe sai ya ce bari ya ɗaura su a nasa keken ya ga yadda za su zauna, minti biyar kawai. Suka zauna. Ya ja baya ya tsaya yana kallo, abin da ya shekara goma sha huɗu yana gani a mafarki ga shi a falonsa, har idonsa ya kawo ruwa. Minti biyar ta zama kwana.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce zuciya ce, kowa yana da ita. Amma akwai feda na kwaikwayo a durowarsa, waɗanda ya saya tuntuni ya ƙi sawa. Ya ɗauko su ya goga a siminti daidai inda takalmi ke ci. Ya jiƙa su a ruwan gishiri, ya shafe su da dafaffen ganyen shayi don ruwan zinaren ya dushe, sannan ya binne su a gindin ayabar bayan gida, yana zuba musu ruwa duk safiya har kwana bakwai. Wanda ya yi tuntuɓe daban, wanda ya yi mako yana ba ƙarya ruwa daban. Duk wannan lokacin yana faɗa wa kansa cewa ai Darmaji da bakinsa ya ce in ya mutu a zo da sifana, alhali ya san sarai wasa mutumin yake yi. Yana kuma faɗa wa kansa cewa ba alƙalin da zai tsananta bincike a keken mamaci. Da ya tono su ya ɗaura a jan keken, shi kansa sai da ya duba sau biyu. Bu Sulastri ta zo ta karɓa, ta shafa sirdin tana hawaye, ta yi masa addu'a har da 'ya'yansa.

An yi taron ranar Lahadi da safe a babban titin da ake hana motoci shiga. Kekuna sun fi ɗari a jere, masu su tsaye a gefe da tsummokara suna goge abin da ba ƙura a kai. Alƙalin gasar, Pak Gunadi, daga Surabaya aka ɗauko shi, siririn dattijo mai madubin masu gyaran agogo rataye a wuya, bai san kowa ba kuma bai damu ya sani ba. Ya daɗe durƙushe a gaban shuɗin keken Kuswanto, ya miƙe ya ce shekara ashirin rabonsa da ganin irin waɗannan feda. Da aka tambayi Kuswanto inda ya samo su, ya ce wani ne a garin Bandung. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

Jan keken yana can ƙarshen layi, an jingina hoton marigayi a jikinsa da furanni, Bu Sulastri tsaye a gefe cikin mayafi ruwan ƙasa. Pak Gunadi ya gaishe ta da ladabi, sannan ya durƙusa ya yi aikinsa kamar yadda ya yi wa kowa. Ya juya fedar, ya ɓalle ɗan murfin da ke ƙarshenta, ya kafa madubi yana neman tambarin shekara da ake bugawa a ciki. Kuswanto ya tsufar da waje, ciki kuwa ba abin da zai iya yi masa. Dattijon ya miƙe ya raɗa wa shugaban ƙungiya, Cak Tarmuji, abin da ya gani. Sai dai Allah bai halicci Cak Tarmuji da ƙaramar murya ba.

Ya ce, "Jabu? Fedar Darmajin?"

Kafin ka ce me, mutane sun kewaye keken. Wani ya ce ashe tun lokacin da kanti ya karye ya sayar da na asalin, ya bar mu muna sauraren wa'azi duk Lahadi. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, ya iya tsara zance. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi in an tuna mamaci ne amma an kasa riƙewa. Bu Sulastri ta bi fuskoki da kallo har ta samu wadda take nema.

Ta ce, "Mas Kus, kai ka san keken nan tun kuna yara. Faɗa musu."

Tsakaninsa da shuɗin kekensa taku goma ne. Allah ya ba shi dama a fili, kalma uku ta isa. Ya dubi ƙasa, ya kira ta da Mbak, wato yaya mace, ya ce, "Mbak, yadda kika kawo shi haka na mayar miki."

Ta ɗauki hoton mijinta ta rungume, ta tura keken da hannu ɗaya ta ratsa mutane ta fita, furannin suna zubewa a titi. Bayan rabin awa aka kira sunan Kuswanto a lasifika, aka miƙa masa kofi, aka yi tafi, aka ɗauke shi hoto yana murmushin da shi kaɗai ya san ɗacinsa.

Mu mutanen nan ba ma barin magana mai daɗi ta mutu. Cikin mako biyu, duk abin da ba na gaske ba a ƙungiyar ya koma fedar Darmaji. Agogon Cak Tarmuji fedar Darmaji ne, baƙin gashin ma'ajin ƙungiya fedar Darmaji ne. Kuswanto yana zaune ana yi, gahawa tana huce masa a hannu. Ya daina zuwa zaman Lahadi, ya ce bayansa ke ciwo. Ya rufe shuɗin keken da zane. Abinci ya daina shiga, in ya tsaya salla sai ya manta raka'a nawa ya yi. Ba tsoron a kama shi yake ji ba, ya san ba mai kama shi. Kunya ce tsagwaronta, ta mutumin da ya raba abokinsa da abu ɗaya tak da ya bari a duniya, a lokacin da ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

Ana saura kwana biyu sadakar kwana ɗari, Bu Tumirah tana yanka tempe, curin waken suya, a tsakar gida, wanda za ta soya ta kai gudummawa gidan marigayi. Ba ta ɗago kai ba ta ce masa, "Pak, watan jiya kullum ruwan sama ake yi, kai kuma kullum kana ba ayaba ruwa." Ta ce ita ba ta san kan keke ba, kuma ba ta tambaye shi komai ba, amma ba za ta iya zama kusa da Sulastri tana taya ta ƙulla shinkafar sadaka ba alhali abin da ke ƙarƙashin zanen nan yana falonta. In shi zai iya, ita ba za ta iya ba. Ta ci gaba da yankanta.

Ranar sadakar, bayan la'asar, maza suka cika falon marigayi a kan tabarmi, maƙwabta da dangi da kusan duk 'yan ƙungiya. Kuswanto bai bi ta ƙofar gaba ba. Ya zaga ta baya inda mata ke jera kwalayen shinkafa, fedar ƙunshe cikin tsumma a hannunsa, ya roƙi a kira masa Bu Sulastri. Dabararsa ya faɗa mata ita kaɗai, ya ɗaura fedar a ɓoye, daga baya a ce alƙali ne ya yi kuskure. Har a tuba ma yana neman rangwame.

Ta fito tana goge hannu. Ya buɗe tsumman, ya faɗi abin da ya yi, har da gishirin, har da ayabar, idonsa a kan silifas ɗinta. Ta daɗe tana kallon fedar ba ta taɓa su ba.

Ta ce, "Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Na yarda da su. Wata guda ina kwana ina tunanin me kuma ya ɓoye mini, tun da ya iya ɓoye wannan shekara da shekaru. Ko kabarinsa ban je ba tun ranar."

Kuswanto ya ce ta yafe masa don Allah. Ya fara kawo maganar kuskuren alƙali, ta katse shi.

"Ba a bayan gida aka yi masa dariya ba, Mas. Suna ciki, duk suna ciki. Ka shiga."

Ya shiga. An gama addu'a ke nan ana shafawa, ana shirin raba kwalaye. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ajiye fedar a tabarma, ya ce yana da magana. Ya ce Darmaji bai taɓa yin ƙarya a kan kekensa ba, ko noti ɗaya bai fita daga jikinsa ba sai da ya shiga hannunsa shi Kuswanto. Ya ce shi ya sace, shi ya tsufar da jabun, shi ya ƙaryata matar a gaban jama'a, kuma kofin yana gida za a kawo.

Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Amma ba haka muke ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, saboda duk wanda ya taɓa cewa fedar Darmaji yana dariya ya ji maganar a jikinsa. Liman ya yi gyaran murya ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka amsa a hankali.

Bu Sulastri ta turo jan keken daga ɗaki har tsakiyar falon, ta ce ya mayar da su yanzu, a nan. Ya ciro sifana daga aljihu. Don ruɗewa har ya riƙa juya fedar hagu ta ɓangaren da ake juya ta dama, abin da ko ɗan koyo na sati ɗaya ya san ba haka ba ne, kuma mutum talatin da suka san hakan suna kallo ba wanda ya gyara masa. Da ya gama aka raba shinkafa. Shi ma aka ba shi kwalinsa kamar kowa, ya riƙe shi har gida bai buɗe ba.

Ba a kore shi daga ƙungiya ba. Kofin ya koma hannun Bu Sulastri, maganar fedar ta mutu a bakin mutane, kuma washegari an ga matar ta nufi maƙabarta da kwandon furanni. Shuɗin keken yana nan a falo babu feda, bai sa na kwaikwayon ba, bai kuma sake neman na asali ba. Aiki ma bai yanke ba, domin har yanzu ba mai hannunsa a garin, kuma mutane suna gaishe shi yadda suka saba.

Wata biyu bayan haka Cak Tarmuji ya kawo nasa keken a gyara masa birki. Shekara arba'in suna tare, ya sha barin keken nan a shagon ba tare da ya sauko daga babur ba. Suka gaisa, suka taɓa hira a kan ruwan sama. Sannan ya ciro wayarsa yana 'yar dariya, ya ce bari ya ɗan ɗauki hotuna, na tarihi kawai, jikokinsa ke son gani. Ya ɗauki kan keken, ya ɗauki sirdi, ya ɗauki sarƙa, ya durƙusa ya ɗauki feda ɗaya bayan ɗaya, yana ta surutu don kada shiru ya shiga tsakaninsu. Da ya zo kan lambar da ke ƙarƙashin gangar jikin sai hoton ya ƙi fita, wurin da duhu.

Kuswanto ya ce, "Kawo, Cak." Ya ɗaga keken ya fito da shi bakin ƙofa, ya kifa shi ta inda rana ke haskawa, ya goge lambar da babban yatsansa, ya riƙe masa har ya gama ɗauka.